HZJ75 tana rataye ƙafa a kan dutse, ta ina zan fara gyaran sifirin?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙafar mota. Land Cruiser ce a-kori-kura, HZJ75 mai injin 1HZ, sifirin falle gaba da baya, taya 7.50R16 a kan rim mai zobe. Ba lodi nake so ta riƙa yi ba yanzu. So nake ta iya bin hanyoyin duwatsu irin na wajen Riruwai a hankali, da giyar ogzilari.

Matsalar ita ce da zarar tayar gaba ɗaya ta hau dutsen da bai ma kai gwiwa ba, sai ta baya ta wannan gefen ta rataye, ta yi ta juyawa a banza, mota ta tsaya cak. A baya falle 11 ne, biyu daga ciki masu kauri ne da aka ƙara don kaya. A gaba 7 ne.

An ba ni shawara uku: a buga sifirin ya ƙara gantsarewa, ko a sa dogon shakul, wato ƙarfen da yake rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi, ko a ɗora sifirin a saman aksil gaba ɗaya. Aljihuna ba zai ɗauki duka ba. Wanne ne zai sa tayoyin su riƙa zama a ƙasa?

Injiniya Sharaɗa

Wa alaikumus salam. Malam, duk ukun nan tsawo suke ƙara wa mota, kai kuma ba tsawo ne damuwarka ba. Damuwarka aksil ne ba ya samun damar karkacewa, gefe ɗaya ya shige sama, ɗayan ya sauko ya bi rami. Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka gano abin da yake fara riƙe shi. Aikin yini guda ne, kuma tef da alli kawai yake ci.

Ka samu fili mai siminti. Ka sa weji a tayoyi, ka ɗaga tayar gaba ɗaya daga ƙarƙashinta, ko da motar ɗaga kaya ko ka hau tudun da ake loda kaya da taya ɗaya tak. Wani ya tsaya da takarda a wajen tayar baya ta wannan gefen. Lokacin da takardar ta fara shigewa ƙarƙashin tayar, a tsaya, a auna daga siminti zuwa ƙasan tayar da aka ɗaga. Wannan lambar ita ce abin da motarka take iyawa a yau.

In kana so ka kwatanta da wasu motoci, masu wannan harka suna da ma'aunin da suke kira RTI, na tudu mai digiri 20. Ka raba tsawon da ka auna da 0.342, ka raba abin da ya fito da tazarar tsakanin aksil na gaba da na baya, wadda a 75 santimita 298 ce, ka ninka da 1000. Amma lambar ba ita ce muhimma ba, amfaninta ka san ko gyaran da ka yi ya ƙara wani abu.

Tana nan a karkace, sai ka leƙa daga gefe, kada ka shiga ƙarƙashi. A gefen da ya sauko ka duba shokazoba: in ya miƙe ƙarshe ya yi tsam kamar sandar ƙarfe, robar idonsa ta matse gefe ɗaya, to shi ne ya riƙe aksil. A gefen da ya shige sama ka duba robar tokare da ke jikin shasi. Ka shafa mata alli tun kafin gwajin. In ba ta taɓa aksil ba, kuma tazarar da ta rage ta kai yatsa uku ko huɗu, sifirin ne ya yi tauri, nauyin motar bai isa ya danne shi ba.

Daga nan ka kwance shokazoba huɗun ta ƙasa, in akwai balansa, wato sandar da ke rage wa mota lilo a kwana, ka cire masa hannu ɗaya, ka sake gwajin. Bambancin da ka samu shi ne abin da shokazoba suke cinye maka. A wannan karon ka riƙa ɗagawa sannu sannu idonka a kan tiyon birki, domin yanzu babu abin da zai kare shi, shi zai zama igiyar da ke riƙe aksil. Ka auna daga maƙalin shokazoba na sama zuwa na ƙasa a gefen da ya sauko da gefen da ya matse, gaba da baya. Ka kawo mana lambobin.

Baba Mai Sifirin

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma tun kafin awo zan iya gaya maka bayan motar nan ba zai motsa ba. An ƙera sifirin bayan 75 don ya ɗauki kaya wajen tan guda, sannan aka zo aka ƙara masa falle biyu na babbar mota. Bodi babu kaya a kan wannan, ai aksil da shasi sun zama abu ɗaya.

Yaro, ka riƙe wannan lissafin. Taurin falle ba daidai da kaurinsa yake tafiya ba, kauri sau kauri sau kauri ake lissafawa. Falle mai milimita 8 ya fi mai milimita 7 tauri da kusan rabi, duk da a ido bambancin bai taka kara ya karya ba. Tsawo kuma akasin haka ne: ka ƙara wa sifirin kashi 10 cikin 100 na tsawo, zai yi laushi da kusan kashi 25. Shi ya sa gajeren falle mai kauri guda ɗaya yake lalata aikin dogaye uku. Waɗannan biyun da aka ƙara su za su fara fita.

Wajen kwancewa a kula. Ka matse ɗaurin fallayen da kilam biyu, dama da hagun santa-bol, wato bol ɗin tsakiya da ya haɗa su, kafin ka taɓa notinsa, sannan ka sassauta kilam ɗin a hankali. Ɗaurin da aka ƙara wa falle mai gantsarewa daban yana da ƙarfi a ciki, in ya fashe a hannu yana karya yatsa. Ka jera fallayen a ƙasa yadda suka fito, ka yi musu alamar gaba, saboda ramin santa-bol ba lallai ya zauna a tsakiya daidai ba, in ka juya ɗauri taya za ta bar tsakiyar madigadi.

Uwar sifirin, wato babban falle mai ido a kowane ƙarshe, da falle na biyu da yake naɗe idonta ba a taɓa su. Na biyun nan shi ne yake riƙe aksil in uwar ta karye a daji. Bayan ka cire biyun ƙari, ka haɗa ka gwada tukuna. In har yanzu da tauri, a cire ɗaya daga tsakiya, ta yadda tazarar bakin kowane falle da na ƙasansa za ta ci gaba da tafiya daki-daki. In ka bar babban giɓi, a nan falle na sama zai lanƙwashe ya karye. A gaba kuwa ni ba zan cire komai ba, 1HZ inji ne mai nauyi.

Rabin taurin tsohon sifirin ma tsatsa ce. Kowane falle a goge shi da burushin waya. Inda bakin falle ya ci rami a jikin na samansa, a share gaɓar da giranda, a bi tsawon ƙarfen, kada a gitta, domin zanen da ya gitta nan tsagewa take farawa. A ɗan zagaye bakin kowane falle ya daina yanka. Wanda ka ga ya tsage ko ramin ya yi zurfi, a canza shi, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu, ka tafi da tsohon a gwada faɗi da kauri da gantsarewa. Ba a yi wa falle walda.

Maganar giris tsakanin fallaye, a garin nan ban yarda da ita ba. Ƙurar hunturu za ta shiga ta kwaɓe da shi ta riƙa cin ƙarfen. Fenti mai garin girafait ya fi, ya bushe kafin a haɗa, ko a sa 'yar farantin roba mai santsi kamar milimita ɗaya a bakin dogayen fallayen.

Sai ƙarafan da suke ɗaure fallayen a gefe. In an buge su sun matse ɗauri tsam, fallaye ba za su buɗe ba lokacin da aksil yake sauka. A mai da su irin masu bol a sama, a bar sarari kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kada a cire su duka, fallaye za su baje su soki taya, kuma uwar ce za ta riƙa ɗaukar nauyin aksil ita kaɗai.

Bugun sifirin kuma ka bar shi. Wanda aka buga a sanyi yana komawa yadda yake, wanda aka gasa da wuta ya mutu. Kuma in ya gantsare da yawa tazarar idanuwansa tana raguwa, ya janyo shakul ya tsaya a miƙe, motar ta ƙara tauri a kan wanda take da shi.

Ɗan Kurna

Na gode Injiniya, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ga awon, ban taɓa sifirin ba tukuna. Da komai a ɗaure santimita 38, da na kwance shokazoba 47. Babu balansa a jikinta. Shokazoban baya a miƙe 56 ne, a matse 35. Maƙalai a gefen da ya sauko 63. A gefen da ya matse bai kai robar tokare ba, amma in na lissafa har robar ta danne zai kai wajen 39. Tiyon birkin baya ya ɗaure tam a 47 ɗin, a nan na tsaya.

Injiniya Sharaɗa

To ka gani. Daga RTI wajen 373 ka koma wajen 461 ba ka kashe ko sisi ba. Sai dai kada ka sayi shokazoba yanzu. Ka gama aikin Baba ka sake awo, domin 63 ɗin nan zai ƙaru.

Ga inda mutane suke faɗawa. Dogon shokazoba jikinsa ma dogo ne. Naka yana tafiyar santimita 21, sauran 14 ido ne da bushi da abin da ke ciki. Wanda zai miƙe ya kai 64 tafiyarsa wajen 25 ce, a matse kuma wajen 39. Kai kuma sararinka a matse 39 ne cif. Ma'ana ranar da ka faɗa rami da gudu, shokazoba ne zai tare nauyin motar kafin roba, ya fashe ta ciki ko ya tsinke maƙali. Ana so ya rage saura santimita biyu lokacin da robar ta danne ƙarshe. Hanya biyu ce: ka sa farantin ƙarfe mai santimita biyu zuwa uku tsakanin robar da shasi, wanda zai rage maka shigewa sama kaɗan, ko mai walda ya ɗaga maƙalin sama. Na biyun ya fi kyau in akwai wuri a ƙarƙashin bodi, amma a yi shi da faranti mai kauri da tokari, kada a ɗiga walda a gefen shasi kawai.

Faranti ƙarƙashin robar yana da wani amfanin. Sifirin mai laushi in ya wuce miƙewa ya koma lanƙwasa ta baya sosai, da wuri yake gajiya. Ka tsayar da shi bai wuce santimita biyu zuwa uku bayan ya miƙe sak ba.

In ka je saye, da tef za ka je, ka miƙe shi ka matse shi a gaban mai shago. Kada a ce maka wannan na mota kaza ne. Ka ɗaura siririyar roba a sandarsa bayan an ɗaura, za ta nuna maka iyakar inda ya shige.

Shakul kuma, abin da ka ƙara masa rabinsa ne yake zama tsawon mota: santimita 5 ya ba ka biyu da rabi. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya ba sifirin wurin miƙewa. Mota tana tsaye ya kamata ya ɗan kwanta waje, nesa da tsakiyar sifirin, kamar digiri 20 zuwa 35 daga miƙe. Ƙarin santimita biyu da rabi zuwa huɗu ya isa, da faranti mai kauri da gada a tsakani. Fiye da haka mota ta fara lilo gefe da gefe. A gwajin saukowa ka duba kada ya miƙe layi ɗaya da sifirin, domin daga nan yake juyewa ciki ya maƙale, kuma in nauyi ya dawo uwar sifirin ce take lanƙwashewa.

Bushi ka sa na baƙar roba, ya fi masu launin nan masu tauri yarda da murɗawa. Kada a ɗaure notin shakul mota tana kan jak. A sauke ta, a girgiza ta, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar tana zama a murɗe ta yage da wuri.

Gwammaja Birki da Sitiyari

Alhaji, duk santimitar da ka ƙara wa saukowar aksil akwai abin da zai biya kuɗinta, kuma ka riga ka ga na farko. Tiyon birki a canza shi da dogo, ya rage sako-sako na santimita uku zuwa biyar a ƙarshen saukowa. A gaba a gwada shi da sitiyari a karye dama da hagu, kada ya goga taya ko ya shiga tsakanin fallaye. Kada a yi masa ƙari da haɗi, kuma kada a lanƙwasa bututun ƙarfen don a samo tsawo. Wayar hambirki da siririn tiyon numfashin difarensha su ma a duba. In na numfashin ya fizge, ruwa da ƙasa za su shiga man aksil.

Akwai wani bawul a baya da sanda ta haɗa shi da aksil, shi yake rage wa tayoyin baya birki in babu kaya. In tsawon motar ya canza, lissafinsa ya canza. Mota ta ɗagu, sai ya ɗauka babu kaya ko kaɗan, birkin baya ya yi sanyi, na gaba ya riƙa cin wuta. Ta zauna saboda cire falle, sai ya ɗauka an yi lodi, baya ya riƙa kamewa a kan kwalta mai ruwa. Ka auna tsawon motar kafin aiki da bayansa, a matsar da maƙalin sandar a jikin aksil daidai da bambancin.

Farfela: a ƙarshen saukowa haƙoran da suke zamewa su kasance a ciki aƙalla santimita uku zuwa huɗu, a ƙarshen matsewa kuma kada su tokare, in sun tokare ogzilari suke duka. Ka juya farfelar da hannu aksil yana rataye. In ka ji tana cijewa a wani wuri a kowane zagaye, kuros ya kai iyakarsa. Nan ya kamata a sa bel mai riƙe aksil ya tsayar da shi santimita biyu kafin wannan wurin, shi ma shokazoba ya huta da fizga.

A gaban 75 shakul yana ta gaban sifirin ne. In ka tsawaita shi aksil yana juyawa, kasta, wato kwanciyar baya ta madogarar da tayar gaba take karyewa a kanta, ta ragu, mota ta fara yawo a titi, sitiyari ya ƙi dawowa da kansa bayan kwana. Maganinsa weji na ƙarfe mai digiri biyu zuwa uku tsakanin sifirin da kujerar aksil, a ɗaure shi da santa-bol mai dogon kai. Na alminiyon yana fashewa. Kuma kada wani ya sa maka bulo a nan da sunan ɗagawa: sifirin motarka a ƙarƙashin aksil yake, bulo sauke ta zai yi.

Yu-bol, masu ɗaure sifirin da aksil, sababbi za a sa, tsohon ya riga ya miƙe. Tunda ɗaurin ya rage kauri, a duba zaren ya isa, kada noti ya ƙare a kan zare ɗauri bai matsu ba, nan santa-bol yake gutsurewa aksil ya goce. A ɗaure a gicciye zuwa wajen Nm 120 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a sake bi bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 200. Abin da ya yi saura a ƙasa a yanke, shi yake fara kama dutse.

Ɗora sifirin saman aksil zai ɗaga ka santimita 13 zuwa 15 a tashi ɗaya. Sai an sake lissafin kasta, an sake hanyar sandar sitiyari, an sake farfela. Mota siririya irin 75 a gefen dutse da wannan tsawon, ni ba zan ba da shawararsa ba.

Hotoro 4x4

Ni ta wani gefen zan zo. Ko ka yi duk abin da aka lissafa, 75 doguwa ce mai sifirin falle, wata rana sai ta rataye ƙafa. Abin da yake tsayar da kai ba ratayewar ba ce, difarensha ne da yake tura juyi wajen tayar da ba ta riƙe komai. Da yawa daga cikinsu sun zo da LSD a baya, wato difarensha mai faranti da ke rage wa taya ɗaya juyawa a banza, amma a wannan shekarun faranten ciki sun cinye, balle in an daɗe ana zuba masa man giya na gama-gari. Makulli a difarenshan baya, mai sa tayoyin biyu su juya tare, irin na iska na kamfanin ARB ko na Toyota in ka samu aksil mai shi, zai kai ka inda santimita goma na ƙarin saukowa ba za su kai ka ba. Kada dai a yi wa difarensha walda. A kwanar kwalta cikin gari zai riƙa jan taya yana murɗa shaf.

Taya ma rabin aikin ce. 7.50R16 mai tauri a kan iska 50 ba ta naɗe dutse, tsalle take yi a kansa. Rim mai zobe da tib kuma ba ya son a rage iska sosai, taya tana zamewa a kan rim ta tsinke bakin tib. Ka koma rim guda marar zobe da 235/85R16 marar tib, tsayinsu kusan ɗaya ne, ka sauke iska zuwa 18 ko 22 a kan dutse, ka tafi da famfo ka mayar kafin ka hau titi.

Baba Mai Sifirin

Makulli yana da kyau, amma ba shi ne farko ba. Mota mai tauri da makulli ba ta tsayawa in ta rataye ƙafa, ci gaba take yi tana karkacewa, direba bai ankara ba har ta kai inda za ta kwanta. A fara sa tayoyi su zauna a ƙasa.

Kuma tunda za a rage falle, a sa ido a kan wani abu. Sifirin mai laushi, in aka ba shi wuta a giya ta ɗaya ta ogzilari, aksil yana ƙoƙarin juyawa baya ya murɗe shi. Alamarsa bayan mota ya riƙa tsalle yana bugawa a kan hawa. In ka ji haka ka ɗaga ƙafa nan take, domin a wannan tsallen kuros da uwar sifirin suke karyewa. In ya zama kullum, ka cire falle fiye da kima, ka mayar da ɗaya dogo, ko a yi masa sandar da ke hana aksil juyawa, mai ɗan shakul a ƙarshenta na gaba don kada ta hana shi karkacewa.

Hotoro 4x4

Na karɓa, Baba. Ƙari ɗaya game da gaba, tunda motar mai 1HZ ce, wato daga 1990 zuwa sama: difarenshan gabanta ƙarami ne, inci 8, na baya kuma 9.5. Na gaban ya fi rauni a ribas, don haka kada a fizgi wata mota da baya, kada kuma a ba ta wuta da baya gaba yana maƙale a dutse. Birfield kuma, wato gaɓar shaf da ke cikin gwiwar tayar gaba, yana fashewa ne in sitiyari yana karye ƙarshe, taya tana juyawa a iska da gudu, ta sauko ta cafki dutse. In gaba ya rataye a miƙe sitiyari, a rage wuta, a sa dutse a ramin.

Ɗan Kurna

Allah ya saka da alheri. Zan fara da cire falle biyun da wanke ɗaurin, da tiyon birki, in sake awo kafin shokazoba. Baba, santa-bol ɗin zan iya yanke tsohon in mayar, ko sabo zan nema?

Baba Mai Sifirin

Sabo. Kansa ya cika ramin kujerar aksil daidai, babu wasa. Ka matse ɗaurin da kilam tukuna sannan ka ɗaure noti, kada ka ja fallaye da bol ɗin, zarensa zai tafi. Ka yanke saura, ka bar zare biyu ko uku, ka buge bakin da guduma.